Shekarar da Na Ce Ban Sani Ba

Ku 'ya'yana kun buɗe ido kun same ni ina sayar da itatuwa da furanni a birni, ga motar kai kaya, ga ma'aikata, sai kuka ɗauka haka abin ya fara. Da gwangwanayen madara ya fara, da wata ciyawa da ko akuya ba ta ci, a gonar gidanmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Labarin gwangwanayen kun sha ji, don ina ba ku shi duk lokacin da na ga ɗayanku yana raina ƙaramar sana'a. Sauran labarin ne nake tsallakewa. Yanzu ƙarfina ya ragu, na gaji da riƙonsa, shi ya sa zan rubuta shi yadda ya faru.

Lokacin da aka kawo ruwan kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, yankinmu, katafila ta bi gonaki ta baje su, ta tumɓuke kuka da ɗorawa da kanya, aka sake yanka wa kowa fili. Namu ya faɗo a bakin ruwa. Ƙaramar hanyar da ta fito daga kanal ta kan gonarmu take fara bi, sannan ta gangara ta shayar da gonaki goma sha uku a bayanmu. A kusurwar gonar, daf da hanyar ruwan, akwai mangwaro biyu da mahaifinmu ya dasa, waɗanda katafila ta bari. Ba abin da ke yi a ƙarƙashinsu. An gwada tumatir ya yi tsawo bai yi 'ya'ya ba, an gwada albasa ta ƙi kai, daga ƙarshe aka bar wurin ya zama na shan inuwa da ajiye buta.

Baffanku Haruna, wanda nake ce wa Yaya, shi ke noma gonar tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi mutanen layinmu, wato masu shan ƙaramar hanyar nan, suka zaɓa ya riƙa raba ruwa. Shi ke cewa yau na wane ne, gobe na wane, wa zai buɗe da safe, wa zai jira azahar. Ba a biyansa komai. Amma in kun ga yadda yake bin bakin hanyar nan da 'yar fartanya a kafaɗa, manyan mutane masu gemu suna tsayawa su ji abin da zai ce, za ku gane cewa duk abin da ya mallaka a duniya ke nan. Ba shi da kanti, bai je Makka ba a lokacin, rigarsa ta Juma'a guda ce. Abin da yake da shi, in ya ce ruwa na wane ne, ba mai musu.

Ni kuwa ban taɓa son fartanya ba. Tumatir nake saye kwando-kwando a bakin titin Kura in kai birni, in babu tumatir in ɗauki albasa, in babu albasa in ɗauki ƙwai. A haka wata rana na kai kayan miya gidajen injiniyoyin da ke aikin ruwa, na ga wani abu da ya tsayar da ni. Ƙarƙashin wata babbar darbejiya, inda na san ƙasa ya kamata ta zama fayau, sai ga wata ciyawa ta shimfiɗu kore shar, ganyenta na sheƙi, da 'yan furanni rawaya kamar an watsa kwabbai. Wani tsoho ne ke kula da lambun gidan. Na tambaye shi ina ake samun irinta, ya yi dariya, ya sunkuya ya tsinko mini cikin hannu guda.

"Ba ruwanta da iri," ya ce. "Ka yanka ta tsawon yatsa. Kowane guntu in ya taɓa ƙasa mai laima ya zama uwa. Rana ba ta dame ta ba, inuwa ba ta dame ta ba. Raya ta ba aiki ba ne, ɗana, kashe ta ne aiki."

Kunnen ɗan kasuwa gare ni. Na ji farkon maganar da kyau, ƙarshenta kuma na ji amma ban ajiye ba. A shekarun nan ana ta gina sababbin gidaje a birni, da bankuna da otal, kuma kowane mai gida yana da matsala guda: ya dasa itatuwa don inuwa, inuwar ta kashe masa ciyawa. Na dawo gida na roƙi Yaya ya ba ni ƙarƙashin mangwaron nan.

"Ɗauka mana," ya ce. "In ka samu abin da ya yarda ya tsiro a can, ni ma a ba ni labari."

Na dasa guntayen da tsohon ya ba ni, kafin damina ta fita ciyawar ta rufe wurin gaba ɗaya. Na sa mata suna darduma, don shi ne abin da ya fi shiga kunnen mai saye. Nakan tsinko ta da sassafe a buhu, in kai cikin gida bayan zana, in yanka ta guntu-guntu in dasa a gwangwani. Inna, kakarku, ita ke huda mini gindin gwangwanayen da wata doguwar ƙusa, ta cika su da ƙasa da taki. Abin yana ba ta dariya.

"Garba, wai da gaske akwai mai sayen ciyawa? Mu nan roƙo muke a cire mana."

"Akwai, Inna. Har godiya suke yi."

"Allah Ya shirye su. Miƙo wancan gwangwanin."

Ga abin da nake so ku fahimta. Duk ribar sana'ar nan a kan abu ɗaya ta tsaya: kada kowa ya san yadda take haihuwa. In mai gida a birni ya san gwangwani ɗaya zai ishe shi ya cika farfajiya, ba zai sayi hamsin ba. In mutanen garinmu suka san guntu ɗaya ya isa, kafin wata biyu kowa ya zama mai sayarwa. Don haka duk wanda ya tambaye ni, cewa nake irinta daga ƙasar waje ake kawowa, kuma sai da dabara take kamawa. Har Yaya haka na gaya masa. Bai bincika ba, shi hankalinsa na kan ruwa. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin ƙarya ba. Na ɗauka sirrin sana'a ne, kamar yadda mai ƙosai ba ta faɗin abin da take sa wa ƙullunta.

Akwai al'adar da ake yi a kowane layi kafin a saki ruwan noman rani. Duk masu gonakin da ke shan hanya ɗaya sukan taru wata safiya su yi yashe: a kwashe laka, a sare ciyawar da damina ta tsirar, a tara a gefe, abin da ya rage a ciki ruwan farko ya share shi. Ciyawar da muka saba da ita in an sare ta kwana biyu a rana ta mutu. Ba wanda ya taɓa tunanin inda guntayen ke tafiya. A shekarar da nake ba ku labari, darduma ta fito daga inuwar mangwaro ta gangara ta lulluɓe bakin hanyar ruwan, wajen taku ashirin, har ta sauka ciki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya tare ni a inuwar da ake tsayawa gaisawa. Tare da shi akwai Malam Idi, wanda gonarsa ce ta ƙarshe a layinmu. Malam Idi manomin albasa ne na gaske, mai barkwanci, amma yana da hali guda: in ya ga wani ya ci riba a abu, shekara mai zuwa shi ma yana ciki.

"Sarkin furanni!" in ji Malam Idi. "An ce jibi ma ba za mu gan ka a wajen yashe ba. Laka ba ta son takalmin birni ko?"

"Ina da kaya da zan kai wani otal, Malam. Zan aiko da goro."

"Goro ba ya riƙe fartanya, amma a kawo."

Sai Yaya ya ce, "Abin nan naka ya sauko cikin hanya. Za mu sare wanda ya shigo. Ba zai ɓata maka ba?"

Na san amsar da ta kamata. Maganar tsohon nan ta dawo mini tsaf a wurin. In ce kada a sa mata adda, a tumɓuke ta da hannu har saiwa, a kai tudu a shanya a ƙone. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Amma in na faɗa, tambayar da za ta biyo baya ita ce don me, ga Malam Idi a tsaye ya karkato kunne. Na gaya wa kaina ɗan abin da za su sare bai taka kara ya karya ba, rana za ta cinye shi.

"Ku sare, Yaya," na ce. "Ba komai."

Suka sare. Mutum goma sha huɗu da adda da fartanya, suka daddatsa ta ƙanana yadda ake yi wa kowace ciyawa, suka tara wasu a bakin hanya mai laima, sauran suka bari a ciki. Da aka saki ruwa ya kwashi guntayen ya raba wa kowa, gona bayan gona, har ƙarshen layi.

Ba a yi sati uku ba aka fara ganin kore a bakin kowace gona, da cikin fangalin da aka zuba irin albasa. Mutane suka yi abin da suka iya, suka sa mata fartanya. Kowane sara sai ya mayar da ɗaya ta zama biyar. A lokacin ne na fara yawo ina cewa a daina sara, a tumɓuke a ƙone, ina yi kamar ni ma yanzu na gano. Amma ta riga ta kama gefen hanyar duka biyun, tana saƙa jikinta tana tare laka. Hanyar ta tsuke. Ruwan da a da yake isa gonar Malam Idi da hantsi ya koma sai la'asar yake isa, shi ma siriri. Zafi ya shigo daidai lokacin da albasa ke yin kai. Yaya ya riƙa yanke rabon gonarmu yana tura wa na ƙasa, har tumatirinsa ya zubar da fure, duk da haka bai isa ba. Gonaki uku na ƙarshe suka ƙone ƙurmus. Na je na ga ta Malam Idi da idona. Yana tsugune a tsakiyarta yana tono albasa 'yan ƙanana kamar goro yana jefarwa, bai ko ɗago ya yi mini barkwanci ba.

Aka kai magana gaban Dagaci. Da hantsi aka taru a ƙofar gidansa, duk mutanen layin suna zaune a tabarma. Dattijo ne mai haƙuri, ya bar kowa ya faɗi abin da ke ransa, sannan ya juyo gare ni.

"Garba, kai ka kawo ta. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da za a yi yashe, ka san in an sare ta ƙaruwa take yi?"

Na yi shekaru ina neman abin da zan ce ya sa na ba da amsar da na bayar. Ba tsoro ba ne irin na duka ko na ɗauri. Lissafi na yi, da sauri, yadda na saba yi a kasuwa. Dillali ba shi da komai sai yardar mutane. In na ce na sani, daga ranar ba mai sake miƙo mini kwandon tumatir daga nan har Kura.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

Malam Idi ya miƙe a kan gwiwa.

"Bai sani ba? To ta yaya yake cika gwangwani mota guda duk sati? Ungozoma yake kira mata?"

Wasu suka yi dariya, amma ba dariyar daɗi ba. Duk ido ya dawo kaina. Kafin in samo wata ƙaryar da zan ɗora a kan ta farko, sai Yaya ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a bar Garba. Ni na ba shi wurin. Ni na ce a sare. Ni aka ɗora wa kula da hanyar nan, in ta toshe a hannuna ta toshe. Abin da ban sani ba bai kamata in sa mutane su taɓa shi ba."

Dagaci ya daɗe yana kallonsa. Daga ƙarshe ya ce rabon ruwa ya koma hannun wani, kuma gidanmu ne zai ɗauki nauyin fitar da ciyawar daga hanya har sai ta ƙare. Yaya ya ce ya ji, ya gode. Aka shafa fatiha aka tashi.

Labari ya riga mu isa gida. Na tarar da Inna zaune bayan zana a wurin da muke aiki, gwangwanaye jere a gabanta.

"An ce ka ce ba ka sani ba."

Ta ɗago ta dube ni, ta ƙara da cewa:

"To da Dagaci ya aiko a tambaye ni, ni da nake kallon hannunka kullum, me zan ce?"

Ta miƙo mini ƙusar da take huda gwangwani da ita. Ba ta sake taɓa gwangwanayen ba.

Yaya kuwa bai ce mini komai ba, kuma wannan ne ya fi wuya. Muka ci gaba da gaisawa da safe, muna cin tuwo a kwano ɗaya. A gida ɗaya muke, yana ganin gwangwanaye suna cika, bai taɓa ganin na shanya iri ko na buɗe wani ƙunshi daga ƙasar waje ba. Ba sai an gaya masa ba. Na ɗauko leburori daga Kura su taya shi, ya ba su fura suka sha, ya ce su koma, aikin gida ne. Sirrin da na yi duk wannan don in tsare shi kuma ya watse a banza, don yanzu kowa ya ga yadda take haihuwa. Kafin damina har a bakin titi ana sayar da ita buhu-buhu. Na koma kan wasu itatuwan, kasuwa ta buɗe mini ta wata fuskar, na ɗauki mahaifiyarku muka koma birni. Na ce wa mutane don kusa da masu saye ne. Rabin gaskiya ne. Kwanon tuwon nan ne na kasa zama a gabansa.

Da lokacin sakin ruwa ya sake zagayowa, Inna ta aiko direban da ke ɗaukar mini kaya da saƙo: in zo gida, akwai aiki. Na iso da safe na wuce gona kai tsaye. Na hango Yaya shi kaɗai a cikin hanyar ruwan, ya naɗe wando, yana tafiya a tsugune yana tumɓuka da hannu yana zubawa a kwando. Ya rame. Hannayensa sun tsage, don ruwan ganyen yana sa ƙaiƙayi in an daɗe ana murza shi. A can tudu ga tarin da ya shanya, ga tokar waɗanda ya riga ya ƙona. Na yi sallama ya amsa. Na cire riga da takalmi na rataye a mangwaro na shiga. Muka yi ta aiki har rana ta ɗaga. Can na finciko wata da ƙarfi ta tsinke a hannuna.

"A hankali," ya ce, bai ɗago ba. "Ka bi ta har saiwa, kada ka bar guntu. Ai ka fi ni sanin ta."

Na zauna a cikin lakar. Ni da nake ciniki da manyan mutane ba na ƙifta ido, na kasa kallon bayan wuyansa.

"Yaya, zan je wurin Dagaci in faɗi gaskiya. Yau ɗin nan."

Ya karkaɗe saiwar da ke hannunsa, ya jefa a kwando, sannan ya juyo.

"Ka je ka ce me? Albasar Idi za ta dawo?"

"Za a mayar maka da rabon ruwa."

"Ba za a mayar ba. An ba wani, yana yi daidai, ba za a ƙwace masa don ka ji sanyi a ranka ba." Ya share goshi da bayan hannu. "Yanzu cewa ake gidanmu akwai sakarai. In ka je, za a ce akwai maƙaryaci, wanda ya yi ƙarya a gaban Dagaci. Kana da 'ya'ya, ina da 'ya'ya, wata rana za a zo tambayar asalinsu. Na gwammace sakaran. Muddin ina da rai kada ka buɗe baki. Ɗauko kwandon can."

Na ɗauko kwandon.

Rani uku ya yi yana wannan aikin kafin hanyar ta koma daidai, ni kuma nakan zo in yi kwana biyu in koma. Ba a sake ba shi rabon ruwa ba har ya tsufa. Nakan gan shi a ranar da aka saki ruwa yana tsaye a bakin gonarsa yana jira wani ya ce masa buɗe. Daga baya na yi masa abubuwa, na gyara gida, na biya masa Makka, ya karɓa ya gode ya sa albarka, amma dukkanmu mun san ba shi ne abin da aka ɗauke masa ba. Kuma kada ku ɗauka biyayya ce kaɗai ta rufe mini baki. Sau ɗaya ya hana ni. Ban sake tambaya ba, don hanin ya yi mini daɗi.

Yanzu ya rasu, Inna ta daɗe da rasuwa, Dagacin ma haka. Ciyawar ba ta ƙare ba. Tana nan a gefen hanyoyin ruwa nan da can, manoma sun san ta, sun san ba a sa mata adda. Da na je ta'aziyyar Yaya na ji sunan da ake kiranta da shi. Wani daga cikin jikokinsa, magidanci da 'ya'yansa, yana gaya wa abokinsa cewa ciyawar Haruna ta sake fitowa a bakin gonarsu. Bai ma san wane Haruna ake nufi ba.

Ni na kawo ta. Na san halinta tun ranar da aka ba ni ita. An tambaye ni sau biyu, na farko a ƙofar masallaci, na biyu a gaban Dagaci, duka biyun na ɓoye. Ku kai wannan rubutun gida, ku tara 'ya'yan baffanku da duk wanda ya rage a layinmu, ku karanta musu da ƙarfi. In an zo wurin sunana kada ku rage murya.